Masaukin Gaston da Masaukin Baba Mushe

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Mayu ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina. Ranar ce aka je nema mini aure a Lyon, kuma ranar ce na tabbatar wa surukaina, da bakina, a tsakiyar falonsu, cewa ƙanen mahaifina ba ya cizo.

Amma bari in fara da karen.

A Montreuil nake zaune, gefen Paris, hawa na huɗu, ƙofata tana kallon ƙofar wata tsohuwa Bafaranshiya, Madam Odette. Shekarar da na tare a gidan ban san ko yadda ake kunna abin ɗumama ɗaki ba, ita ta shigo ta nuna mini. Da zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, ita ke ajiye mini romon kayan lambu a bakin ƙofa, da 'yar takarda a kan murfin cewa babu alade a ciki. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Abin da take da shi shi ne Gaston, wani ɗan guntun kare ruwan ƙasa mai shekara tara, gemunsa ya yi furfura, kullum fuskarsa kamar wanda aka kira aiki ranar hutu.

Ni ɗan Damagaram ne. A inda na taso kare aikinsa biyu ne, gadi ko farauta, kuma duk wanda ya ɗauka a waje yake kwana. Shekara uku muna gaisawa da Gaston daga nesa, kowa ya san matsayinsa. Sai ga shi wata safiya Madam Odette ta zame a matakala, ƙashin ƙugunta ya karye. Ana ɗaga ta za a sa a motar asibiti ta kama hannuna, ta damƙa mini makullinta, ta ce, "Gaston." Kalma ɗaya ke nan. Ni kuma na ce, "To." (Da na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin, da na nemi kwana biyu in yi shawara.)

Haka na zama mai kare. Safe da yamma in shiga gidanta in zuba masa abinci, in ba shi ƙwayar maganin zuciya a cikin cuku, in fita da shi. Na ware wando guda da riga guda na wannan aikin. Na kuma gano wata hanya ta bayan unguwa wadda ba ta bi ta gaban gidajen ma'aikatan nan da 'yan ƙasarmu ke taruwa, don in mutum ɗaya ya gan ni riƙe da igiya, kafin in koma gida labari ya riga ya isa Birni, unguwarmu a Damagaram. Ban faɗa wa kowa ba. Ramatu ma ban faɗa mata ba.

Ramatu ita ce wadda nake nema. Aikin jinya take yi a Lyon, iyayenta suna zaune a Bron, gefen garin. Mahaifinta, Alhaji Mamman, ɗan Maraɗi ne, ya daɗe a Faransa, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kallo. An sa ranar da magabatana za su je, kuma da yake mahaifina ya rasu, ƙanensa ne ya taso takanas daga Damagaram. Sunansa Sani, amma duk gari Mushe ake ce masa, wato "Monsieur" a bakin mutanenmu, mu kuma Baba Mushe, saboda shekarun da ya yi yana koyar da Faransanci kafin ya zama mai duba makarantu. Irin mutumin nan ne da in ka rubuta masa wasiƙa yakan maido maka ita da gyara da jan biro. Ya sauka a Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, wurin wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Lawali, wanda zai kai shi Lyon a mota.

Saboda haka masauki biyu ke gabana na daren Asabar: na Baba Mushe a Lyon, da na Gaston a duk inda za a karɓe shi. Ban ɗauki abin da zafi ba. Aikina ke nan a ofis, tsara wace mota za ta kai wane kaya ina da ƙarfe nawa. Ina alfahari da tsari.

Na je asibiti na gaya wa Madam Odette. Ta sa aka ɗago mata matashi, ta zayyano mini sharuɗɗa kamar mai aurar da 'ya.

"Ka je da hancinka," in ji ta. "Tun daga ƙofa za ka san wurin. Ka tambaya ko akwai wanda ke kwana tare da su. Ka duba ko suna raba manya da ƙanana. Kada ka yarda da hoto, ka ce a nuna maka inda zai kwanta. Kuma ka ji wannan da kyau, wurin da bai dame ka da tambayoyi ba, kada ka bar mini shi a can."

Na rubuta duka a littafi.

Wuri huɗu na zaga a kewayen Paris. Na farko hancina ya yanke hukunci tun ban danna ƙararrawa ba. Na biyu mai gidan ya ce in kawo shi kawai, ba sai takardar rigakafi ba, "duk ɗaya ne, kare kare ne," sai na tuna maganar Madam Odette na yi masa sallama. Na uku kuwa ɗakunansa sun fi nawa faɗi, da shimfiɗa mai laushi, da kiɗa a hankali, da tagar da ke kallon lambu. Matar wurin ta tambaye ni ko Gaston ya fi son ɓangaren da rana ke shiga da safe. Na ce zan tambaye shi. (Ba ta yi dariya ba, ta ce in sanar da ita kafin Alhamis.) Da muka zo kan ranar da zan kawo shi, sai ta duba littafinta ta ce ai wannan ƙarshen makon dogon hutu ne, babu gurbi. Na huɗu ma haka. Duk Paris za ta bar gari, kuma duk ta riga ni ajiye karenta.

Sai dabara ta zo mini: in tafi da shi Lyon a jirgin ƙasa, tunda ƙarami ne, yana shiga jaka. Na buga wa wurare uku waya a can. Biyu na soke su tun a waya, na tsaya a kan wani da ke bayan Bron kaɗan, gidan wata mata mai fili da shinge, wadda ke kwana a wurin, kuma abokina Isufu, da ke karatu a jami'ar Bron, ya je da hancinsa a madadina ya ce lafiya lau. Ranar da na kira don in kama gurbi matar ba ta nan. Wanda ya ɗauka ya karɓi sunana da lambata, ya ce in kawo shi Asabar ƙarfe biyar, kuma kafin nan ita za ta kira ni ta cike takarda. Na ajiye lambar a waya da sunan "Masauki Lyon".

Masaukin Baba Mushe kuwa a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kama shi, tsakanin tasha biyu, da ɗan yatsa ɗaya. Wani ɗan gidan baƙi ne, na ga hoton gado da labule na ce ya yi. Suka rubuto cewa za su kira ni ranar don su ji lokacin isowarmu. Na ajiye lambarsu da sunan "Masauki Lyon". Wayar ba ta ce komai ba.

Asabar da safe na shiga jirgi, shaddata a leda, Gaston a jaka a ƙarƙashin ƙafata, yana kallona ta raga kamar ya san wani abu. Na sauke shi a ɗakin Isufu, na yi wanka, na sa shadda da hula, na zauna jiran kira. Bayan azahar Alhaji Lawali ya bugo ya ce magana ta yi kyau, an ba mu, in zo in gaida manya.

Falon ya cika. Alhaji Mamman a kujerar tsakiya, Baba Mushe a damansa cikin babbar riga ruwan toka, Alhaji Lawali, da wasu dattawa uku na dangin Ramatu. Ƙofar kicin a buɗe take rabi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan zama ya san Hajiya da Ramatu da sauran mata suna bayanta. Na durƙusa na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, aka yi addu'a, aka kawo shayi. Har zuwa nan ban yi laifin komai ba.

Alhaji Mamman ya dubi Baba Mushe ya ce, "Malam, ai nan za ku kwana. Ɗaki yana nan an gyara."

Wurin nan ne ya kamata in yi shiru. Sai na ce, "Alhaji, kada ku wahalar da kanku, ai na riga na kama wa Baba wuri mai kyau. Na tsara komai."

Ban rufe baki ba waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba: Masauki Lyon. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, ga shaida ta zo da ƙafarta. Na ce, "Yauwa, ga su nan ma," na buɗe lasifikar wayar, na ajiye ta a kan tebur kusa da tiren shayi don kowa ya ji irin surukin da aka samu.

Maganar da Faransanci aka yi ta, kuma babu wanda ba ya jin Faransanci a falon nan.

Muryar mace ce, mai fara'a. Ta ce tana kira ne a kan baƙonsu na yau, tana da 'yan tambayoyi kafin ya iso. Na ce bismilla.

"Shekarunsa nawa?"

"Sittin da takwas."

Sai ta yi dariya. "A, kuna yin lissafi irin na mutane. To, dattijo ne ke nan. Za mu sa shi a ɓangaren da babu hayaniya."

Ban san wane irin lissafi ne kuma ban da na mutane ba, amma ɓangaren da babu hayaniya ya yi mini. Na dubi Baba Mushe, ya gyaɗa kai.

"Takardar rigakafinsa ta cika?"

Baba Mushe ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro katinsa mai ruwan ɗorawa, wanda ya shigo da shi ƙasar, ya ɗaga sama. Na ce, "Ta cika, Madam, ga ta ma a hannu."

"Madalla. Yana da puce?"

Mu a Nijar layin waya muke ce wa puce. (Daga baya na tuna cewa a nan haka ake kiran 'yar ƙwayar da likita ke sa wa dabba a ƙarƙashin fata don a gane mai ita. Daga baya, na ce.) Na amsa da ƙarfin gwiwa, "Yana da ita. Shekaranjiya na saya, da hannuna na sa masa."

"Da hannunku?"

"Ai ba wuya, Madam. Ɗan tsinke kawai ake nema."

Ta ce za ta duba wannan in mun iso. Sannan ta tambayi abin da yake ci. Na ce yana cin komai ban da alade, ba ya son gishiri da yawa, kuma da safe ya fi son abu mai ɗumi. Na ƙara da cewa yana tashi da asuba, zai buƙaci ruwa.

"Ruwa yana nan kullum a kwano kusa da shimfiɗarsa," in ji ta. "Kuma muna fita da su fili sau uku a rana."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a hankali, "Kai, Turawa da kula." Na ji kaina ya ƙara girma.

"Yana zama lafiya da sauran? Ba ya faɗa?"

"Sam. Yakan yi wa mutum gyara in ya yi kuskure, amma ba ya faɗa."

"Ya taɓa cizon wani?"

A nan na ɗan ji wani iri. Amma na daɗe a ƙasar nan, na cike takardu masu tambayar abin da ya fi wannan. Na yi 'yar dariya irin ta wayayyu na ce, "A'a, Madam, ba ya cizo."

Baba Mushe ya ajiye kofin shayinsa.

"To, saura ɗaya," in ji matar. "An yi masa fiɗiya?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Cokalin da ake juyawa a kicin ma ya tsaya. A cikin shirun ne, daga can bayan muryar matar, na fara jin abin da ya daɗe yana tashi ban kula ba: haushi, ba na kare ɗaya ba, ba na biyu ba.

Baba Mushe ya miƙa hannu ya ɗauki wayar, ya gyara tabarau, ya yi magana da Faransancin nan nasa mai guga, wanda ko a Paris an daina jin irinsa.

"Madam, barka da rana. Ni ne baƙon da ake magana. 'Ya'yana tara, jikoki ashirin da ɗaya, ina fata wannan ya amsa tambayarki ta ƙarshe. Yanzu ki ba ni izini in yi tawa. Wane irin gida ne naki?"

Matar ta faɗa masa. Gidan kwanan karnuka.

Ya yi mata godiya, ya ce za a sake kiranta, ya kashe wayar, ya ajiye ta daidai inda ya ɗauke ta. Daga kicin na ji wani sauti kamar an toshe bakin mutum da gyale. Ni kuwa ina durƙushe a kan kafet, na zuba wa zanen furen da ke jikinsa ido, ina tunanin jirgin ƙarfe nawa ne ke komawa Paris.

Alhaji Mamman ne ya fara magana. Bai ɗaga murya ba. "Kana da kare?"

Na ce ba nawa ba ne. Na faɗi komai: Madam Odette, romon kayan lambu, matakala, makulli, wandon da na ware, hanyar bayan unguwa. Na ce yanzu haka yana ɗakin Isufu, tasha uku daga nan a tram, jirgin cikin gari. Na san akwai gidajen da kalmar kare kaɗai ta isa a ce a dakata a sake shawara, balle an kama ka kana ɓoyewa.

Alhaji Mamman ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Tsohuwar, wa ke zuwa duba ta?"

"Ni ne, Alhaji. Laraba da Lahadi."

"To, maƙwabciya ce, kuma amana ce. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne." Ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. "Sai dai ba zai shigo mini gida ba."

Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba a gama ba. Baba Mushe ya juyo gare ni da irin kallon da ya yi shekaru yana yi wa malaman da ba su shirya darasi ba.

"Ɗana, wuri nawa ka duba wa karen?"

"Bakwai, Baba."

"Ka je da ƙafarka?"

"Huɗu na je. Ɗaya na aika Isufu."

"Ni fa, nawa ka duba mini?"

"Ɗaya."

"Ka je?"

"Na ga hoto."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi Alhaji Mamman ya ce, "Alhaji, ɗakin nan da kuka ce an gyara, yana nan har yanzu?" Dattawan da suka daɗe suna riƙe dariya suka sake ta gaba ɗaya, Alhaji Lawali har da share hawaye da hula. Fiɗiyar ba ta ƙona ni kamar wannan ɗaya da bakwai ɗin ba, don ita kuskure ce, wannan kuwa gaskiya ce.

Ƙarfe biyar saura Baba Mushe ya ce sai ya ga wurin da aka so kai shi. Babu yadda na iya. Alhaji Lawali ya tuƙa, muka biya muka ɗauki Gaston, ina baya da jaka a cinya, Baba Mushe a gaba bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Matar ta fito tana ba da haƙuri, fuskarta ja wur. Ya ce ba laifinta ba ne, tambayoyinta duk suna kan hanya, amsoshin ne suka ɓata. Sannan ya harɗe hannu a baya ya zaga wurin kamar yadda ya saba zaga makarantu. Ya duba shinge, ya leƙa ɓangaren da babu hayaniya, ya tambayi wa ke kwana a nan da abin da ake yi in wani ya kamu da ciwo. Ya sa na ba ta ƙwayar maganin zuciya a gabansa, ya sa ta maimaita lokacin bayarwa. Da muka koma mota ya ce, "Wurin yana da tsabta. Ka iya zaɓe, in ka ga dama."

Gidan baƙin da na kama masa ba su kira ba sai da magariba ta kusa. Na fita waje na ɗauka, na ba su haƙuri. Ramatu kuwa saƙo ɗaya ta turo mini a ranar: "Sai yaushe ka yi niyyar gaya mini, bayan an ɗaura ko ranar suna?"

An ɗaura auren bayan wata huɗu. Madam Odette ta dawo gida da sanda, Gaston ya koma wurinta, muka koma gaisuwar nesa, ko da yake yanzu yakan ɗan kaɗa wutsiya in ba kowa a matakala.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka zaɓa wa kare masauki, ka je da kanka, ka shinshina, ka yarda da wurin da ya dame ka da tambayoyi. In za ka zaɓa wa babanka a mako ɗaya da karen, ka fara da babanka. In kuma waya ta yi ƙara a gaban surukai, ka tambayi mai magana ko wane ne kafin ka nuna musu kai mai tsari ne.

Baba Mushe ya yafe mini, amma bai bar labarin ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure a Damagaram sai an ce ya ba da shi, kuma kowace shekara tambayoyin matar ƙaruwa suke yi. Bara wani ɗan'uwanmu ya bugo mini daga can yana dariya har da tari, yana so ya ji ko da gaske ne an tambayi tsawon wutsiyar Baba, ni kuma na ce a dakata in auna.